Amsar da Ya Haɗiye

Ina zaune a tashar mota, sai ga shi a bencin da ke gabana: mai barkwancin da na yi wa ihu jiya da yamma a ɗakin taro, ina tare da 'yata. "Sauka, tsoho, labarinka ya tsufa!" na ce, jama'a suka kwashe da dariya. Shi kuwa murmushi kawai ya yi, ya ci gaba.

Yau babu jar hular wasan. Furfura ta cinye gemunsa, wuyan rigarsa ya sha ɗinki, ga ledar magunguna a cinyarsa. Wataƙila wani na kwance a gida. Yana rubutu a ɗan littafi, yana motsa leɓe, yana gwada fuska, yana sokewa.

Ina sunkuyar da kai, ashe ya riga ya gane ni.

"Malam, ina kwana? Ya 'yar taka?"

"Lafiya lau, Baba. Jiya..."

"Ai ina da amsarka, mai zafi ma," in ji shi, yana rufe littafin. "Sai na ga yarinyar ta riƙe hannunka, tana kallonka kamar babu ya kai. Shi ya sa na haɗiye."

Ana ta kiran fasinjojin motarmu, amma na kasa ɗaga kai.