Motar Malam Laminu Mai Tashi da Mutum Biyu

Duk wanda ya zauna a Birni ya san kiran nan na hantsi: "Hajiya, murɗa!" Sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai inji ya yi tari, hayaƙi ya turnuƙe layi. To, Malam Laminu ne zai fita, Allah ya jiƙan rai. Yana tsaye gaban tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya saɓa babbar riga a kafaɗa, kai cikin inji, guduma a hannu. Matarsa Hajiya Hinda kuwa tana kujerar direba da lulluɓinta, tana riƙe da makulli. In ta tashi, Hajiya ta matsa gefe, ya shiga su tafi.

Abin haushin, ni Ilu ni ne bakanikensa, kuma garajina na bakin layin. Ku duba mini wannan tonon silili!

Ranar da abin ya fara, shi ya zo ya same ni, wai batir ya yi sanyi. Na ce mu je. Na kunna fitilun gaba, na murɗa makulli. Fitila tar, ko ƙiftawa ba ta yi ba, sai dai wani ɗan "ƙas" daga ƙasa. Na kankare kawunan batir, na sake murɗawa, ƙas. Sai na sa turnabis, wato sukudireba, na haɗa manyan kusoshi biyu na jikin demarer, abin da ke tayar da inji, sai ya juya fir.

"Malam, batir lafiya, demarer lafiya. Otomatik ne, ɗan gwangwanin nan da ke goye a bayan demarer. Shi ke haɗa wuta in an murɗa makulli. Tagullar cikinsa ta cinye, ya mutu."

"Kai Ilu, iya bakinka! Bai mutu ba, barci yake."

Don dai ya samu ya kawo ta garaji, na ce Hajiya ta murɗa makulli ta riƙe, na ɗan ƙwanƙwasa gwangwanin da guduma. Mota ta tashi. Wayyo ni, da hannuna na koya masa! Ya karɓe gudumar yana murmushi.

"Ka gani? Duk shekarun da na yi ina koyarwa a lekol, ban taɓa korar ɗalibi don ya yi gyangyaɗi ba. Tebur ake buga masa."

Har yau gudumata ba ta dawo ba.

Kun tuna gaisuwar rasuwar da muka je Dakusa? An yi addu'a, an shafa, Malam ya buɗe gaban mota. Hajiya na can ciki wajen mata. Wani bawan Allah ya ce, "Malam, kawo in murɗa maka mana."

"Allah ya yi albarka. Hannunka bai san ta ba."

Ya taka har bakin zaure, gida tsit ana juyayi, ya ɗaga murya kamar yana kiran aji: "Hajiya, murɗa!" Na rasa inda zan sa kaina. Matan da ke ciki sun ce har matar mamacin sai da ta toshe baki da mayafi.

Da na dame shi da mita, wata rana ya kwance otomatik ɗin da kansa, ya zauna a tsakar gida da jiƙon tsamiya da toka, yana dirzar tagulla yadda ake dirzar tukunya. Abin mamaki, ya yi! Kwana uku mota na tashi da murɗa ɗaya. Kwana ukun nan kuwa shi kaɗai yake fita, ya dawo da wuri, fuska a murtuke, ko gaisuwa da kyar. Rana ta huɗu aka ji ƙas. Wallahi sai ga shi a garajina baki har kunne.

"Ilu, mutumin naka ya koma halinsa!"

Na ce a raina wannan tsoho ya fara ruɗewa. Na samo sabon otomatik, na bari ya tafi masallacin Juma'a da ƙafa, na lallaɓa gindin motar da kayan aikina. Ban kai ga kwance ko kusa ɗaya ba na ga takalman Hajiya.

"Ilu, mayar da abinka."

"Haba Hajiya, wahalar ta isa! Ana yi mana dariya a gari."

"A yi ta yi. Kafin abin nan ya lalace, ba na shiga motar nan sai biki ko rasuwa. Yanzu gona da ni, kasuwa da ni, har gidan abokansa. Ka san Malam, ba zai taɓa buɗe baki ya ce zo mu tafi ba. In ka gyara, da wane baki zai kira ni?"

Na tattara kayana sumui-sumui. Daga ranar ban ƙara tayar da zancen ba.

Sai wata safiya da damina, maza duk sun tafi gona, Hajiya ta yanke jiki ta faɗi a madafa. Hawan jini. Malam ya ɗauko ta da kyar ya sa a mota, amma hannunta ya ƙi riƙe makulli. Ya murɗa, ƙas. Ya ruga gaba ya ƙwanƙwasa, ya dawo ya murɗa, ƙas. Ni kuma na tafi Zango sayen kaya. Haka dattijon nan ya yi ta kai-komo, matarsa na kwance a kujera, sai da wata mai tallan nono ta zo wucewa ya roƙe ta ta murɗa masa.

Da la'asar ya zo garaji daga gidan likita, bai ma kashe injin ba sai da ya ga idona.

"Ilu, canza shi."

Ba wasa, ba gardama. Na cire wayar batir, na sauke demarer, na kwance tsohon gwangwanin, na saƙala sabon a mazauninsa, na mayar da wayoyi na ɗaure. Yana tsugune kusa da ni. Ya murɗa sau ɗaya, mota ta tashi. Ban taɓa yin gyaran da ya yi kyau kuma ya ba ni tausayi irin wannan ba.

Allah ya tashi kafaɗun Hajiya, ta dawo gida, sai dai hannun dama ya yi rauni. Bayan girbi, ina cikin aiki, sai na jiyo: "Hajiya, murɗa!" Na zabura. Sabon otomatik! Na suri turnabis na ruga. Na tarar da shi kai cikin inji, yana ta bugun wani ƙarfe can gefe, wanda ko kusa da demarer bai kai ba. Hajiya ta haɗa hannu biyu a kan makulli, ta murɗa, mota ta tashi. Ya ɗago ya harare ni.

"Me ka zo nema? Koma aikinka."

Haka suka ci gaba har ciwon ajalinsa. Unguwa kaf aka ce gyaran Ilu bai riƙe ba. Wasunku da ke zaune nan ma kun kai motocinku wani garaji, na gan ku sarai! Na haɗiye, ban faɗa wa kowa ba sai yau, kuma sai da na nemi izinin Hajiya. Ta ce in faɗa, tana dariya tana share ido.

Allah ya jiƙan Malam Laminu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Hajiya kuma Allah ya ba ta haƙurin zaman da ba mai kiranta da hantsi. Amin.