Gidan Rina a Kwarin Kailu

Dijatu mai daddawa gajeriyar mace ce, amma in ta yi tallar kayanta a kasuwar Filinge sai an jiyo ta daga wajen masu awaki. Mijinta Kailu manomin hatsi ne, dogo, mai sanyin magana. Yana da baka da kwari da ya gada daga ubansa, kuma duk rayuwarsa abu guda ya taɓa harbi da su, zabuwar maƙwabcinsa, ita ma ba ita ya auna ba. Shekara shida suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba, ba kuma wanda ya taɓa jin sun yi faɗa a kan haka. Faɗansu duk a kan gishirin miya yake.

Shekarar da Nasara suka kafa bariki a ƙasar Kurfai, aka bi gida-gida ana ɗibar maza masu ɗaukar kaya zuwa gabas. Aka ɗauki Kailu ana gab da shuka. Ya rataye kwarinsa a jikin itacen rufin ɗaki, ya ce mata wata guda ne, kada ta bari kowa ya taɓa.

Bayan ruwan farko sai ga rina guda ɗaya tana zagaya kwarin. Dijatu ta ɗauko tsintsiya, sai kuma ta fasa. Ta tuna kakarta ta taɓa gaya mata cewa rina tana jin warin mutuwa, ba ta yarda ta kafa gida a kan kayan wanda ya bar duniya. Ta ajiye tsintsiyar, ta zauna kallo.

Rinar takan fita ta sauka kan busasshen itacen darni, ta kankare shi da baki, ta tauna har ya yi laushi, ta dawo ta liƙa a gindin kwarin. Da farko wani ɗan siririn tsinke ta yi, kamar silin gashi. A ƙarshensa ta ƙera rami ɗaya mai kallon ƙasa, ta ƙara na biyu a gefensa, ta ƙara na uku, kowanne ta sa ƙwai a ciki. Ita ce magini, ita ce mai cefane, tana kawo tsutsa ta tauna wa 'ya'yanta. Da suka fito ba su tsaya wasa ba, suka kama aikin uwar. Kafin hatsi ya kai gwiwa gidan ya kai tafin hannu.

A tsakiyar damina Albarka, wanda aka tafi da su tare, ya dawo da ƙafafu duk a tsattsage. Ya ce ya ga Kailu ya faɗi da kaya a kai kusa da wata rijiya bayan garin Tawa, aka hana kowa tsayawa. Bai ga ya tashi ba, bai kuma ga an rufe shi ba.

Ibrah, wan Kailu, ya zo ƙofar ɗakin ya ce lokaci ya yi da za a yi sadaka, ita kuma ta shiga takaba.

"Yaya, shigo ka gani da idonka," in ji Dijatu. "Ƙanenka shina da rai. Ga shaidu nan sun hi talatin."

"Ke Dije, ƙwaro za ki kawo mini shaida?"

"To su dai ba su taɓa yi mini ƙarya ba."

Ibrah ya sunkuya ya shiga da niyyar sauke kwarin. Ya fito da leɓe ya yi biyun nasa, ya kwana uku yana shan kunu ta gefen baki. Gari ya yi dariya, har da ita. Hajara kaɗai, uwar Kailu, ba ta yi ba, ba ta kuma ce a ƙone gidan rinar ba. Kowace safiya takan zo bakin ƙofa da sandarta ta tambaya, "Ɗiyata, baƙin namu sun tashi lahiya?" Dijatu ta ce lafiya lau, sun ƙara ɗaki huɗu.

Ta daina hura wuta kusa da ɗakin don kada hayaƙi ya kore su. Ta riƙa ajiye musu ruwa a sakaina. Daddawarta ma ta mayar da ita can ƙarshen gida, ciniki ya ja baya, ba ta damu ba. Gidan ya yi ta faɗi har ya rufe rabin kwarin.

Abin da kakarta ba ta gaya mata ba shi ne, gidan rina ba ya daɗewa. Da aka yanke hatsi, sanyi ya shigo, tsutsa ta yi wuya, rinar suka fara raguwa. Ginin ya tsaya. Wata safiya ta ƙirga bakwai, bayan kwana biyu uku, sannan babu ko ɗaya. Ramukan suka rage buɗe, iska tana kaɗa su.

Dijatu ba ta gaya wa kowa ba. Kwana tara tana tare mutane a ƙofa tana cewa su yi hankali, yau rinar a fusace suke. Tana zuba ruwa a sakaina kamar kullum.

A rana ta goma Hajara ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta ture hannun Dijatu a hankali, ta shiga, ta zauna a ƙasa daidai ƙarƙashin kwarin. Ta daɗe tana kallon sama.

"Inna, za su harbe ki."

"Tun ran Lahadi na sani, ɗiyata. Ba ni jin kukansu. Na yi shiru ne don ni ma ban shirya ba."

Dijatu ta zauna kusa da ita. Suna nan zaune har rana ta shigo ta ƙofa ta kai ƙafafunsu. Daga nan Dijatu ta miƙe, ta cire 'yan kunnenta ta damƙa wa tsohuwar, ta leƙa waje ta ce wa maƙwabciya a kira mata Ibrah, ya biya ta gidan liman.

Ta ƙara shekara talatin da wani abu a duniya. Bayan takaba manema biyu sun zo, ta sallame su da daddawa kyauta. Ita ta riƙe Hajara har ta rufe mata ido.