Ɗangon da Malam Sale bai ji ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita makaranta a Gashua aka bugo min waya daga Nguru: Malam Sale ya rasu.

Shi ya koya min auna waƙa. Tun shekarun casa'in, ina sabon malamin firamare mai ji da kansa, nake zuwa rumfarsa ta dabino kusa da tashar jirgi. In ina rera baiti sai ya lumshe ido yana buga yatsa a gwiwa, gaɓa bayan gaɓa. Inda yatsan ya tsaya cak, to nan na yi ɓarna.

Kuma ba ya gyara maka. Sai dai ya turo maka dabino ya ce, "Ci, ka sake nema."

Ranar da na rasa motar Gashua, bargonsa ya ba ni.

Yana da wata waƙar bege ƙwar biyu wadda bai taɓa barin kowa ya yi wa tahamisi ba, wato a ɗora ɗango uku kan kowane biyu nasa su zama biyar. Bara ya ce in gwada. In ta fita tsaf, zai ba ni izini a rera ta a Maulidi.

Watan jiya na kai masa. Na tarar da shi kwance a zaure, ya rame sosai, amma yatsan na aiki. Na rera, ya bi ni har ƙarshe.

"Malam ƙarami, akwai ɗango guda da ke ɗingishi. Gaɓa ɗaya ta yi masa yawa."

"Wanne, Baba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sai ka ce yau ka san ni. Je ka nemo, ka dawo ka rera min."

Shekaranjiya na gano shi, na gyara. Asabar ɗin nan na so in shiga mota.

Wallahi ina kewarsa. Ko gyaran ya yi, ko bai yi ba, shi kaɗai zai faɗa min. Izinin ma nasa ne, bai kai ga ba ni ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da wanda ya ƙare rayuwarsa yana begensa. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.