Shekara Biyar Babu Hirar Dije Mai Banda

Yau shekara biyar ke nan da muka kai yayata Dije makwancinta a Yelwa. Na yi haƙurin rashinta, don rai na Allah ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda aka yi da ita kafin ta tafi, da yadda waɗanda suka yi mata hakan suke yawo yau da rigar da suka yaga a jikinta.

Dije 'yar kasuwar kifi banda ce, sana'ar da ta gada wurin Inna, mahaifiyarmu. Takan saya daga matan ƙauyukan bakin ruwa, tun daga Shanga har Wara, ta cika kwalaye a ɗora a mota zuwa Kudu. Karatunta bai wuce firamare ba. Wata shekara aka kwashi mutanen gidan maƙwabciyarmu zuwa asibiti suna amai, bayan sun ci miyar kifi. Kowa a kasuwa ya san dalili: wasu na fesa wa banda fiya-fiya, maganin nan na sauro, don kada ƙwari su ci. Kowa ya sani, kowa ya kama bakinsa.

Ban da Dije. Ranar wata Laraba ta shiga ɗaki ta ja ƙofa, ta aza wayarta bisa turmin da ta kifa, ta yi magana ta minti goma. Ta faɗi farashin kwali a makon, ta faɗi irin kifin da masu saye ke nema, sannan ta ce duk wadda ta ga ƙwari ta mayar da kifinta kan wuta, ta shanya a rana, kada ta kusanci guba. Ta tura wa abokan cinikinta muryar da ta naɗa. Laraba ta gaba ta sake. Kafin damina ta kama, masu jirgin ruwa na kunna muryarta a lasifika, mata na tura wa juna ta bulutus a bakin gaɓa. Wata aminiyarta, Saratu, Bakambara daga Ngaski, ta riƙa juya hirar zuwa Kambarci bayan ta taso daga coci ranar Lahadi. Cinikin Dije ya buɗe, don masu saye sun ji da kunnensu wadda suke hulɗa da ita. Ba mu san sunan abin fodkas ba a lokacin. Hirar Dije muke cewa.

To amma gaskiya ɗaci gare ta. Wasu manyan dillalai sun daɗe suna yi wa matan ƙauye ungulu da kan zabo, su saya a wulaƙance don matan ba su san farashin gari ba. Sai ga mace ta sauko daga jirgi da farashi a bakinta. Dillalan suka kira taro, suka ce Dije na ɓata sunan kifin Yauri. Ba mai fesa gubar ne ya ɓata suna ba, wadda ta ce a daina ce! Daga ranar babu ɗan dakon da ya sake taɓa kwalinta, babu direban da ya yarda ya ɗauki kayanta. Ruwa na sauka, kifi na jibge a shago, har fumfuna ta rufe shi. Da idona na ga ana kwasa ana zubarwa.

A nan zan faɗi nawa laifin. Ni malamin makaranta ne, ni ne autan gidanmu, ni kuma na je har shagon na ce, "Yaya, don Allah ki rufa mana asiri ki bar hirar nan. A bar kaza cikin gashinta."

Ta dube ni ta ce, "Auta, kai da ke koya ma ɗiyan mutane karatu, kai ka zo ka ce in yi kurum? In na yi kurum, wa za ya hwaɗa masu?"

Na tashi na tafi, kuma ban tsaya mata a gaban kowa ba. Ta ci gaba da hirarta har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya karye. Matar da muryarta ta ƙetare ruwa ta yi wata uku ba ta iya kiran sunan 'yarta ba. Ba na jayayya da ƙaddara, amma na san waɗanda suka hura wutar. Wasunsu suna sahun gaba a jana'iza, suna cewa an yi rashi.

Da Dije za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga ɗaya daga cikin masu kiran taron nan ya gyara ɗaki da kujeru masu laushi da makirfo, yana da nasa fodkas. Na daure na saurara har ƙarshe. Rabin awa ana yi masa kirari, ana lissafa motocinsa, shi kuma yana rantsuwa cewa tun fil azal kifinsa bai san magani ba. Babu farashi, babu gargaɗi, babu abu ɗaya da mace a tsibiri za ta ji ta ƙaru. Na san Dije ba za ta zagi na'urar ba, murna ma za ta yi da sabis ɗin waya ya kai ƙauyukan da da sai an hau tudu. Tambaya ɗaya za ta yi, irin tata: "To, mi munka ƙaru da shi?"

Wannan tambayar nake jefa wa 'yan kasuwarmu, masu shinkafa da masu injin jirgi da masu taki, da suke rige-rigen buɗe shiri. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Kun san abin da ke cutar mai sayen kayanku. In ba za ku faɗa masa ba, ku kira abinku talla, ba wanda zai zarge ku. Amma kada ku ce kuna wayar da kai.

Me ya rage na Dije? Shagon an ba wani. Wayar ta lalace. Saratu na nan tana hirar, muryarta ba ta kai ta Dije ƙarfi ba, amma ba ta fasa ba, kuma yanzu tana yi da Hausa da Kambarci. Fesa guba bai ƙare ba, ba zan yi muku ƙarya ba, sai dai mai yi yana ɓoyewa, abin da da ake yi da rana tsaka. Matan bakin ruwa kuwa ba a ƙara saye musu kifi a makance ba.

Inna takan ce in yafe, wai Dije ba ta riƙo. Ina ƙoƙari. Waɗancan zan iya yafe musu wata rana, don ba su taɓa cewa su nata ne ba. Ni da muka sha nono ɗaya, ban san wanda zan roƙa ba yanzu. Allah Ya jiƙan Dije, Ya haskaka kabarinta. Mu da muka yi shiru, Allah Ya tambaye mu da sauƙi.