Kwaɗon Da Na Buɗe Da Hannuna

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ne babba a cikin ma'aikatan wani kamfanin kwangilar lantarki a Haɗeja, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Babbar wayar wuta da ake binnewa a ƙasa, babu wanda ya kai ni iya haɗa ta. Ina da aboki, unguwarmu ɗaya, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki, ni ne ma na nuna masa yadda ake riƙe filaya. Amma da kamfani ya tashi tura mutum ɗaya kwas kan kare lafiyar ma'aikata, shi aka zaɓa. Ya dawo aka ɗora shi a kanmu. Na yi masa murna a baki, amma wallahi ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Dokar da ya zo da ita ita ce ta kwaɗo. Duk wanda zai shiga ramin waya, sai an kashe wuta, ya rataya kwaɗonsa a jikin makunnin, ya jefa mabuɗin a aljihu, kuma ba a kunnawa sai kowa ya cire nasa da hannunsa. Na riƙa yi masa shaƙiyanci a wurin mai shayi, ina cewa mun koma masu gadin shago. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk haɗin da na yi sai ya sake dubawa, ni da na koya masa aikin! Shi kuwa bai san abin da ke cikina ba. Har mabuɗi na biyu na kwaɗonsa ya ba ni ajiya, ya ce ni kaɗai ya yarda da shi.

Bayan ambaliyar wata damina, ruwa ya shiga ramin wayar da ke kai wuta wani kamfanin casar shinkafa a bakin gari. Kwana uku muna kwarfe ruwa da taɓo, motocin shinkafa shanshera sun yi layi har titi. Da na gama haɗin wajen azahar, kowa ya cire kwaɗonsa, saura na abokina. Manajan wurin ya zo yana faɗa, ya ce a gaban kowa, da can da nake riƙe da aikin ba a ɓata masa lokaci haka. Maganar ta yi mini daɗi, kaina ya kumbura. Na duba gindin bishiyar da abokina ke ajiye babur, babu babur, sai na ce ya tafi salla. Ashe ƙanensa ne ya ara. Tsakanina da ramin bai fi taku arba'in ba, amma ban je na leƙa ba, domin so nake a ce ni na ba da wuta ba tare da shi ba. Na zagaya ɗakin makunnin ni kaɗai, na sa mabuɗin ajiya na cire kwaɗonsa, na kunna. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Yana cikin ramin, yana duba haɗina.

Allah ya yi da sauran kwanansa, amma an yanke masa hannun dama daga gwiwa. Da kwamitin bincike ya same shi a asibiti, na zauna a waje ina jiran a kira ni. Ba a kira ni ba. Ce musu ya yi shi ne ya manta bai rataya kwaɗonsa ba. Aka sallame shi daga aiki, muƙamin da na daɗe ina hange aka miƙo mini, ni kuma na karɓa. Da na shiga gaishe shi, cewa kawai ya yi in dubi 'ya'yana biyar in yi shiru, kuma kada in bari dokar ta mutu. Kunyar faɗa nake ji, amma ko a lokacin sai da na ji zafin cewa a nan ma ya fi ni.

Na gane cewa hassada ba ta sa na tsane shi ba, sa ni ta yi na ƙi yin taku arba'in. 'Yan'uwana masu aikin wuta, kwaɗon da ba naku ba kada ku taɓa shi, ko da mai kamfani ne ke tsaye a kanku. Kada a bar mabuɗi na biyu a hannun kowa, ko amini ne, kuma a leƙa rami da ido kafin a kunna. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa na zafi don an ɗaga ɗan'uwansa, ya nisanci makunni a ranar. Masallacinmu ɗaya da shi har yau. Kullum ina kallo yana jiran wanda zai zuba masa ruwa ya yi alwala, kuma idan na ɗauki butar, godiya yake yi mini.