Gangunan Ummaru, shekara goma sha bakwai a kulle

Shekara goma sha bakwai ke nan, a wannan damina, da rasuwar ƙanena Ummaru, mai injin niƙa na Ƙofar Taramniya, wanda unguwa ke ce wa Ummaru Mai Hayaƙi. Ni ban yi boko ba, ban taɓa riƙa jarida ba sai don ƙunshe daddawa. Ɗiyata ce ke rubutawa, na kuwa gaya mata kada ta gyara mini magana. Ban zo yabon mamaci ba. Masu yabo sun yi ranar uku da ranar bakwai, sun ci gumba, sun watse. Na zo in faɗi abin da ya bari, da yadda ya lalace a hannuna.

Gidanmu gidan maƙera ne. Ummaru ya tashi a gindin zuga-zugi, amma zuciyarsa na wajen inji, har ya haɗa abin da ya haɗa ya sayi na niƙa. Da mijina ya rasu na dawo gida, sai ya zaunar da ni bakin ƙofar shagon. Ni ke karɓar kwanukan mata, ni ke tsara layi, ni na san dawar wance da geron wance. Ba a yi mini tsallaken layi, ko matar mai unguwa ce. Shekara goma sha ɗaya ina kan tabarmar nan, ba abin da ya shiga ko ya fita ban gan shi ba. Haka dai nake zato.

Akwai lokacin da mai ya ɓace a gari, masu injuna suka riƙa yawo da jarka kamar masu neman ruwa a rani. A nan Ummaru ya tuno maganar wani tsoho da ya yi aikin jirgin ƙasa, wanda ya taɓa ce masa injunan farko ba su san mai ba, garin kwal suke ci, wasu kuma hayaƙin itace. Sai ya daka gawayi, ya tankaɗe da rariyata ba tare da ya tambaye ni ba, ya riƙa hura wa injin a baki. Toka ta cinye cikin injin kamar an zuba yashi. Ranar ba sunan da ban kira shi da shi ba. Ya bari na gama, ya yi dariya, wai yanzu ya gane dabbar tasa ba ta cin tsaki, tururin tukunya take so.

Daga nan ya samo ganga biyu. Ta farko yakan cika ta da gawayi, ya kunna wuta ta ƙasa, ya zuga da zuga-zugin mahaifinmu. Farin hayaƙi ke fara fitowa, wannan ba shi da amfani, sai a jira. Can sai ya ƙyasta ashana a bakin bututu, in shuɗiyar wuta ta kama, to abinci ya nuna. Sai ya juya hayaƙin ya bi ta ganga ta biyu, wadda kullum take rufe ruf, daga nan ya shiga inji. Mai ɗan kaɗan yake sawa, kamar gishiri a miya. Sa'ad da injunan gari suka yi shiru, namu na ruri tun hantsi har la'asar, mata na tahowa daga unguwanni masu nisa da kwarya a ka.

Doka ɗaya gare shi: ba a rufe ƙofa, ba a toshe taga, muddin akwai wuta a ganga. Ya ce hayaƙin da inji ke sha ba shi da wari, ba shi da launi, yana kwantar da ƙato bai sani ba. Ni ya ba tsaron dokar, na kuwa tsare ta.

Wata Juma'a da safe yana wanke ganga ta biyu, ya buɗe murfin, ya ɗago kai ya ce, “Yaya, taho ki ga abin da nika sawa ciki, ko don wata rana.” Na ce mace ba ta da hurumi a aikin maƙera, kuma hannun da zai taɓa garin mutane ba ya taɓa baƙin dauɗa. Taku huɗu ne tsakanin tabarmata da gangar. Ban tashi ba.

Ranar da ya rasu, na tafi gida sallar azahar. Ina can hadari ya taso da iska, ruwa na feshi ta ƙofa. A shagon akwai garin sunan gidan wani mahauci, an niƙa an jera a manyan kwanuka, ba a zo ɗauka ba. Ummaru ya tura ƙofa, ya cusa buhu a taga. Shi da ya kafa dokar. Na san abin da ya ce a ransa: yanzu ruwan zai ɗauke. Da ruwa ya tsagaita na iso, tun daga nesa na ji injin na niƙa banza, ƙarfe na cin ƙarfe. Na same shi zaune ya jingina da buhu kamar mai gyangyaɗi. Garin kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Da shi aka yi tuwon suna washegari.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na sa aka fitar da injin, na kulle shagon da gangunan a ciki, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena. Ɗansa Attahiru, lokacin yana da shekara ashirin, yana bin kawunsa fataucin hatsi, ya zo bayan arba'in ya nemi mabuɗi. Na rantse da Allah muddin ina numfashi ba jininmu da zai sake hura wutar nan. Ya ɗauki injin ya kai unguwar Mabera, ya ci gaba da niƙa da mai kamar kowa. Mai waldar da ya haɗa wa Ummaru bututai ya zo sau biyu, ya ce a bar shi ya duba ko don a ajiye sanin. Na ce ya je ya duba kabarin abokinsa. Shi ma yau ba shi duniya. Mutane suka ce na yi daidai. Ni ma na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

To ga abin da babbar ba ta hango ba. Yau mai yana nan, ba ya ɓuya, amma ya fi ƙarfin mai niƙa. Lantarki kuwa sai a gan shi kamar baƙon da ya ɓata hanya. Daga layinmu har Mabera injuna sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ƙarar turmi ta dawo, matan da ba su taɓa riƙa taɓarya ba hannuwansu sun yi kanta. Nakan tambayi kaina, da Ummaru zai leƙo, me zai ce? Na san zai fara da dariya, ya ce ai ya gaya mana. Sai ya tambayi buhun gawayi, a gaya masa daga inda ake kawo shi yanzu da yadda ya yi tsada, ya fita bayan gari ya ga inda itatuwan kirya da marke suke a da ya zama fili. Ina jin a nan dariyar za ta tsaya.

Bayan ƙaramar salla Attahiru ya zo, magidanci mai 'ya'ya huɗu, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya daɗe yana wasa da gefen tabarma. Ya ce injinsa ya yi wata biyu bai tashi ba, gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Sa'an nan ya ce, “Gwaggo, ke kaɗai kin rage da kin gani. Mi Baba ka sawa cikin ganga ta biyu?”

Ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina kallo, ashe gani ba ci ba ne.

Na yi kaffarar rantsuwata, na kwance mabuɗi. Ganga ta farko tana nan yadda ya bar ta, har da ragowar gawayin ranar. Ta biyu da muka buɗe, ba komai sai tsatsa da baƙar ƙura da kashin ɓera. Abin da ke ciki ya ruɓe tun tuni. Na murza ƙurar a tafin hannuna, na sansana, hannun nan da na hana taɓa baƙin dauɗa. Ba ta gaya mini komai ba.

Duk da haka Attahiru ya kawo injin muka gwada, a fili, ƙarƙashin sararin Allah. Na faɗa masa yadda ake jera gawayi, yadda ake zugawa, yadda ake jiran farin hayaƙi ya wuce. A ganga ta biyu muka zuba ƙaiƙayi da tsumma, bisa zato. Da ya ƙyasta ashana shuɗiyar wutar ta kama, sai na juya fuskata bango. Injin ya tashi. Kwana biyu yana niƙa, mata suka fara jera kwanuka. Rana ta uku ya yi tari ya tsaya. Da makanike ya kwance shi, cikinsa cike da baƙin danƙo kamar kwalta, ya ce gyaransa ya fi ƙarfin mai shi. Abin da Ummaru ke sawa a gangar nan, shi ke tare wannan danƙon. Injin da ya ci da gida biyu shekaru masu yawa, ni na ƙarasa shi da zato.

Attahiru bai ɗaga mini murya ba. Ya ce ba komai, Gwaggo, haka Allah ya so. Da ma zagina ya yi. Yanzu dako yake yi a kasuwar hatsi, yana ɗaukar buhunan da a da ake kawo masa har ƙofa.

Makon jiya 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka zo da baro. Suka ɗora gangunan a ma'auni, da bututan, da gawar injin. Ban tambayi nauyinsu ba. Ina tsaye har suka sha kwana.

Me ya rage na Ummaru? Sunan Mai Hayaƙi, wanda tsofaffin mata kaɗan ke tunawa, su ma suna tafiya. Zuga-zugin mahaifinmu, fatarsa ta bushe ta tsattsage. Da rabin sani a kan wata tsohuwa, rabin da ba ya tayar da inji. Ɗaya rabin ya miƙo mini shi da hannunsa wata Juma'a, na ƙi tashi, sa'an nan na hana waɗanda za su tashi. Shi ya rufe ƙofa na ɗan lokaci don garin mutane, ya biya da ransa. Tawa na rufe ta shekara goma sha bakwai, 'ya'yan ɗansa ke biya.

Allah ya jiƙan Ummaru, ya sa ya huta. Mabuɗin yana nan a bakin zanena. Shagon ba komai a ciki, amma hannuna ya saba, kullum na ɗaura zane sai na ƙulle shi.