Ragon Sunan Ɗana

Da kaka na haife shi a Kurfi, shekarar da gero ya yi albarka, hankalin kowa a kwance. Sai ungozoma ta lura yaron ba shi da mafitar bayan gida, cikinsa na ta kumbura. Ta ce sai an kai shi asibiti an yi masa aiki.

Surukata ta ce, "Haba 'yar nan, mai jego ta bar wanka ta hau mota? Kuma da me za a biya aikin?"

Na ce, "Inna, a sayar da ragon sunansa. Ya rayu tukuna."

Maigidana ya ja ragon zuwa kasuwar Dutsin-Ma, aka yi wa yaron aiki a babban asibiti.

Washegari da safe na wanke tsumman da ya fara ɓatawa, ina wanki ina murmushi ni kaɗai.